Sawun Ƙarfe a Fadamar Argungu

Kwaɗon ƙofar sito yana nan a kulle, ko ƙwarzane bai ji ba, amma jakar Injiniya Musaddiq Tamba ta koma kamar bakin tsohuwa. Doguwar sandar nan mai ƙaton kai tana ciki. 'Yar gajeruwar da ake tura ƙwallo cikin rami da ita tana ciki. Sandunan ƙarfe na tsakiya kuwa, sababbi fil, waɗanda ya ajiye shekaranjiya da hannunsa, babu ko ɗaya.

Gobe ne gasar da za ta fitar da mutum guda ya wakilci kulob ɗin golf ɗin a babbar gasar Arewa, kuma duk wanda ya san wasan a Birnin Kebbi ya san Musaddiq ne a gaba.

Bai tsaya tambaya ba. Ya juya ya sharara wa Riskuwa mai kula da sito mari, sai da hularsa ta faɗi ƙasa.

"Ina ƙarafana, ɓarawo?"

"Wallahi Injiniya, yadda kab bar su haka nik kulle ƙofa."

Kafin ya ɗauki hular, 'yan kulob sun zagaye shi. Wani ya tuna cewa yayan Riskuwa maƙeri ne a Argungu. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ƙarfe ya ɓata, mai mabuɗi yana da ɗan'uwa mai narka ƙarfe, me ya rage?

Kyaftin Atiku, dogon mutum mai furfura a gemu, wanda ya shekara da shekaru yana zakaran kulob kafin Musaddiq ya taso, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku sa shi ɗakin maigadi. A kira 'yan sanda."

Maigadin ne ya buga wa matar Riskuwa waya. Ita kuwa ta buga wa ubanta.

*

Hodi Augie ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata daga fadamar Rima har bakin iyaka, kuma ba a taɓa jin ya dawo hannu rabbana ba. Yanzu yana da motocin albasa, da tumbi, da bakin da ya fi tumbin girma. Abu biyu ya tsana a duniya. Na farko wasan da yake kira bin ƙwai da sanda. Na biyu surukinsa Riskuwa, wanda ya bar gonar gado ya koma goge wa masu kuɗi sanduna.

Ya sauko daga mota, ya taka har tsakiyar ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma, ya cake sandarsa mai tsinin ƙarfe a ciki.

"Kai! Cire abin ga!" Kyaftin Atiku ya daka tsawa. "Nan ba kasuwar Augie ba ce."

Hodi ya zare sandar a hankali, ya bar rami. Kyaftin ya ciro wata 'yar gora daga kwankwasonsa, ya tsiyaya farin yashi a ramin, ya ɗora dunduniyar takalminsa mai ƙusoshi a kai, ya murza.

"Dokar wurin ga ke nan. Ka yi sara, ka cike shi."

Wani dogo mai baƙin tabarau ya tuntsire da dariya. Alhaji Zulkifli ne, sakataren kulob. "Baba, ka yi sa'a. Ni mako guda yah hana ni wasa kan ramin da bai kai wanga ba."

"Kai ko yau anka duba bayanka sai an ga gona," in ji Kyaftin. "Ba ka taɓa duƙawa ba tunda nis san ka."

Hodi bai yi dariya ba. "Yaron da kunka rufe, ku ba ni zuwa magariba. In shi ne, da hannuna zan kai shi ofis, in dawo in ɗauke ɗiyata. In ba shi ne ba, wani cikinku zai kwana inda kunka yi mishi shimfiɗa."

Mutane suka dubi Kyaftin. Babu hanyar da zai ƙi a gaban jama'a.

"Magariba," ya ce. "Ana kiran salla ina kiran motar 'yan sanda."

*

Riskuwa ya durƙusa da ganin surukinsa, kumatunsa a kumbure.

"Baba, an tashi lahiya?"

"Rufe min baki. Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu, Baba. Ɗaya gare ni, ɗaya rataye ofishin kwamiti. Kyaftin da sakatare ke shiga."

"Ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"Ko ka ɗauka haka za ka ce. Yarinyar can tana gida tana kuka, ta ƙi cin abinci saboda kai. Kai! Mai goge sanda!"

Ya fita ya buga ƙofa. A bakin sito babu abin gani, takalma masu ƙusa sun tattake ƙasa kamar an yi sussuka. A ciki ne ya duƙa. Kan ƙurar siminti, kusa da jakar, akwai alamar kawunan ƙarfe a jere, daga babba zuwa ƙarami, kowane da tazararsa. Ɓarawon bai kwasa a guje ba. Sai da ya shimfiɗa su ya kalle su.

Wanda ba ya tsoron a shigo masa, Hodi ya ce a ransa. Mai sito ke nan. Ya tofar da yawu.

*

A bayan ginin, ƙarƙashin rumfar kwano, Munira Abdulmuhaimin tana kwance wani injin matse ƙarfe. 'Yar Nassarawa ce da ta girma a Kaduna, ta buga wasan har ta zama mai koyarwa, kuma ita ce kulob ya gayyato ta zaɓa wa manyan 'yan wasansa sanduna.

"Ke ce mai sayar da kayan banzan ga?"

"Ni ce mai auna su. Kai ne mai bin jelar shanu?"

Hodi ya zauna kan benci ba a ba shi izini ba. "Mi ad da su da har ake marin mutum?"

Ta ɗauko sanduna biyu ta ajiye gabansa. Ɗaya kanta faffaɗa ne, bayanta a rarake kamar cokali. Ɗayar kanta ƙarami, siriri, bayanta a cike.

"Wannan mai faɗin ta masu koyo ce da masu rauni. Ko ka bugi ƙwallo a gefe, za ta rufa maka asiri, ƙwallo ya tafi. Wannan ƙaramar ba ta rufa wa kowa asiri. Ka same shi a tsakiya, ka lanƙwasa shi duk inda kake so, ka tsayar da shi inda ka ga dama. Ka kauce da faɗin farce, hannunka zai yi zugi, ƙwallo ya mutu a hanya. Akwai lambar da ake auna gwaninta da ita, handikaf, iya ƙanƙantarta iya gwanintarka. Injiniya biyu gare shi. Shi ya sa na ba shi ƙananan."

"To kowane gwani sai ya saya."

"A'a. Ba a zaɓa da suna ko da tsada. Na shafa wa fuskar sanda hoda, ya buga, na ga inda ƙwallo ke sauka. Na duba saran da take yi a ƙasa. Injiniya gajere ne, ka gan shi. Na rage tsawon ƙota, na sa kawunan a injin nan na kwantar da su, don ƙasan sanda ya zauna daidai idan ya tsaya. Ƙarfen mai laushi ne, yana lanƙwasuwa. Waɗannan sanduna ba za su yi wa kowa aiki ba sai mai tsayinsa. Dogo ya riƙe su, hancin sanda zai nutse ƙasa, dunduniyarta ta tashi, ƙwallo ya gudu dama."

"Wa kuma kinka auna?"

"Alhaji Zulkifli. Shida gare shi, na ba shi matsakaita, ya zage ni, ya ce na fifita gajere. Har cewa ya yi za mu gani ko gajeren zai buga gasa da su."

Hodi ya ɗaga gira. "Kyaftin fa?"

Munira ta sauke murya. "Huɗu gare shi a takarda. Tun yana saurayi ƙananan yake riƙewa. Na shafa hoda, ya buga, tabo ya warwatsu ko'ina. Na ce hannu ya yi sanyi, ya koma mai faɗi da ƙota mara nauyi, zai ƙara shekaru yana wasa. A gaban mutane na faɗa, ban yi tunani ba. Bai nuna ya ji zafi ba. Godiya ma ya yi."

"Ɗiyar Kaduna," Hodi ya miƙe, "bakinki ya hi na ƙarafanki kaifi."

"Naka fa, Baba? A maƙera aka wasa shi?"

*

Rana ta take sosai lokacin da ya shiga Argungu. Maƙerar Maliki, yayan Riskuwa, tana bayan kasuwa, inda warin kifi da na gawayi ke haɗuwa. Hodi bai yi sallama ba. Ya shiga yana ture kaya da sanda, har ya hango wani buhu a lungu, sandunan ƙarfe masu sheƙi sun leƙo ta bakinsa.

"Alhamdu lillahi! Ga su!"

Ya zazzage buhun a tsakar maƙera. Ƙafafun gadon ƙarfe ne da na kujerun biki suka watse. Masu jiran gyaran garma suka fashe da dariya.

Maliki ya ajiye guduma. "Ka gama? Babban mai bin sawu, ya kama ƙahwar gado! Ƙanena shina kulle, kai da ya kamata ka tsaya mishi, kaz zo neman abin da za ka rataye shi da shi. Tun ranar ɗaurin aure kaka jiran wagga rana."

"Ka iya bakinka."

"In ban iya ba hwa? Gidan ga ba a taɓa cin na sata ba. Hita!"

Hodi ya juya zai fita, kunya da fushi suna cin sa, sai ya taka wani abu ya kusa zamewa. Farin ƙwallo ne mai ƙananan ramuka.

"Na wa ne wanga?"

"Nawa ne, kuma ka ɗaga ƙahwa," in ji wata dattijuwa da ke zaune da fartanya a cinya. Nana ce, mai noman albasar iri a bakin ruwa. Ta kwance bakin zanenta, wasu ƙwallayen suka gangaro. "Jiya wani la'ananne yai ta jehwa min su cikin gona, dut ya kakkarya min kawunan iri. Na kawo wa Maliki ya duba ko abin tsafi ne."

"Kin gan shi?"

"Da na gan shi da yanzu ana zaman makoki gidansu. Ina gida, jikata ba ta da lahiya."

"Tashi ki kai ni."

"Kai wa? Ka biya ni irina?"

"Tashi, Inna. In na kama shi, shi zai biya."

*

Gonar Nana tana gangaren fadama. Hagu da ita akwai wani fili mai gajeruwar ciyawa, shanu sun aske shi ƙwal, ya miƙe har bakin Rima.

"Na wa ne wanga hili?"

"Na wani Alhaji daga Birni. Zulkifli. Bana bai shuka ba. Da can sukan zo da abokai nai su yi ta jihwa."

Hodi ya yi murmushin farko a ranar. Mai mabuɗi, mai barazana, mai fili. Ya ce wa Nana ta tsaya nan, ya tuɓe takalmi ya shiga.

Tayar mota ta tsaya ƙarƙashin wata giginya, amma shanu sun bi ta kai, ba ta karantuwa. Sawun mutum ya fi kyau. Takalmi mai ƙusoshi, taku mai faɗi, dogon mutum shi kaɗai. Ya bi shi har tsakiyar fili, inda ƙafafu biyu suka kafu gefe da gefe suka daɗe. Ya san abin da zai gani a gabansu, Munira ta gaya masa: ramukan sara.

Babu rami ko ɗaya.

Abin da ke wurin fararen tabo ne a jere kan baƙar ƙasa, kowane kamar tafin hannu, layi ɗaya tsaf kamar an ja igiya. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Yashi ne. An cike kowane sara da farin yashi, a tsakiyar daji, inda babu mai gani sai balbela.

Murmushinsa ya tafi. Ya daɗe yana kallon saman tabo ɗaya, ya koma na biyu, ya koma na uku. Sannan ya sa yatsa ya kwashe yashin na ƙarshe a hankali. Yashin ya adana siffar saran kamar yadda tukunya ke adana ruwa. Gefen da ke nesa da ƙafafu ya nutse, gefen da ke kusa ko ciyawa bai gama yankewa ba. Ya ɗaga kai. Gonar Nana tana dama.

Sawun bai ƙare nan ba. Ya gangara har gaɓar ruwa, inda laka ke da taushi. Nan mutumin ya tsaya, ƙafafunsa sun nutse, alamar ya daɗe. Kusa da su kawunan ƙarfe sun buga tambari a laka, an jingine su a dunƙule. Sai sawun ya juyo. A gindin giginya, inda bayan mota ya tsaya, ga tambarin kawunan nan kuma, da guntun laka.

"Ka kasa," Hodi ya ce da iska. "Ka kawo su za ka jehwa ruwa, ka kasa."

Ya karɓi fartanyar Nana ya yanko ƙasa da tabo guda a kanta, bai girgiza ko ƙwayar yashi ba, ya ɗora cikin tasarta ya rufe da ganye.

"Tasata!"

"Za ta dawo."

"In ba ta dawo ba, Augie ba nisa gare ta ba. Na san gidanku, na san uwarka!"

*

Rana ta yi ja lokacin da ya tara su a filin gwaji. An fito da Riskuwa, maigadi yana riƙe da hannunsa. Musaddiq yana safa da marwa. Munira ta zo da sandar gwaji mai lamba bakwai, wadda ta auna Injiniya da ita, tsayi ɗaya da kwanciya ɗaya da waɗanda aka sace. Tasar Nana tana gaban Hodi a rufe.

"Ɓarawon ga ba mai sayarwa ba ne," ya ce. "Mai sayarwa da ya ɗauki mai ƙaton kai. Wanga ya tahi da su fadamar Argungu jiya, ya buga, a hilin Alhaji Zulkifli."

Zulkifli ya cire tabarau. "Ƙarya kake! Jiya ina Sakkwato."

"Kowa shina wani wuri in anka tambaye shi. Ɗiyar ga ta ce dogo in ya riƙe sandar gajere, ƙwallo dama shika gudu. Na ga inda sunka hwaɗi, dut dama. To kowane dogo ya zo ya buga guda. Ni zan kalli ƙwallo."

"Wanga wasan yara ne," in ji Kyaftin Atiku.

"Kana tsoro?" Musaddiq ya jefa masa. "Ko gwajin ma sai an kawo maka mai faɗi?"

Fuskar Kyaftin ta ɗaure. "Ku buga."

Wani dogon likita ya fara. Ƙwallonsa ya ɗan karkata dama. Ya zuba yashi daga gorarsa, ya share da gefen takalmi, ya koma gefe yana gunaguni.

Zulkifli ya fizgi sandar da fushi. Ya buga. Ƙwallo ya tashi, ya kwanta dama, ya ci gaba da kwanciya har ya faɗa cikin dogayen dalbejiya. Wuri ya kaure.

"Shi ne!" Musaddiq ya cakumi wuyan rigarsa, sai da ya yi ɗage kafin ya kai. "Kai kac ce za mu gani! Ina ƙarafana?"

"Sake ni, guntun banza!"

Zulkifli ya wurgar da sandar ya ja baya. Saransa yana nan a buɗe, baƙi, kamar an fasa ƙwai.

"Saura kai, Kyaftin," in ji Hodi.

"Ai kun sami mutuminku."

"Doka doka ce. Ba kai kac ce ba?"

Kyaftin ya ɗauki sandar. Ya goge fuskarta da babban yatsa, ya tsaya, ya ɗan juya kafaɗunsa hagu kaɗan, yadda sai gwani zai lura. Ya buga. Ƙwallo ya tafi sak kamar an harba kibiya, ya sauka tsakiyar fili. Wasu har da tafi.

Ya yi dariya, ya miƙa wa Munira sandar. "Hannu ya yi sanyi, ko? Kin gani?" Idonsa yana kanta, bakinsa yana magana, hannunsa kuwa ya riga ya je kwankwaso. Yashi ya zuba. Dunduniya ta hau. Ya murza.

"Tsaya nan," in ji Hodi. "Kar ka motsa ƙahwa."

"Mi kuma? Ƙwallo ya tahi sak."

"Ni mi ya haɗa ni da ƙwallo? Tunda nike ban taɓa bin abin da ke sama ba."

Ya ɗauko tasar ya ajiye kusa da ƙafar Kyaftin, ya yaye ganye. Sannan ya ture ƙafar da sandarsa. Mutane suka matso har kawunansu na haɗuwa. A cikin tasa, farin yashi da zoben da ƙusoshin dunduniya suka zana da aka murza, zoben bai haɗe ba ta gefe ɗaya, inda ƙusa guda ta ɓalle. A kan ciyawa, farin yashi, zobe, da giɓin nan a wurinsa.

"Likita share nashi shika yi da gehe," in ji Hodi. "Zulkifli kuwa, kai Kyaftin da bakinka kac ce bai taɓa duƙawa ba. Wanda yab buga a fadama ya cike dut saran da yay yi, a hilin da shanu ke kashi. Ka zaɓi gonar mutum don a ce shi ne, ka bari anka mari yaro anka rufe shi, amma rami guda ka kasa bari a buɗe."

"Kowa shina da gorar yashi," in ji Kyaftin.

"Awo. Ɗaga takalmin a ƙirga ƙusa."

Bai ɗaga ba.

"To buɗe bayan mota. Na bi ka har bakin ruwa, na ga inda kat tsaya. Ba ka jehwa ba."

Zulkifli ne ya zare mabuɗin daga aljihun Kyaftin, kuma bai yi shi da ladabi ba. A bayan motar, ƙarƙashin tayar sauyi, cikin buhun albasa, sandunan suna kwance a jere daga babba zuwa ƙarami. An wanke lakar ƙotocin tas.

Musaddiq ya rungume su kamar jariri. Sannan ya juyo. "Kai kak koya min riƙe sanda, Kyaftin!"

"Na koya ma, ban ce ka hau kaina ba." Kyaftin ya nuna Munira da yatsa. "Wagga yarinya, da ba a haihe ta ba sadda nic ci kofin fari, ita za ta tsaya gaban mutane ta ba ni sandar masu koyo? Ta ba wanga tsugunne irin tawa? Kun dai ga bugun yanzu!"

Munira ta matso. Ta zaro mai lamba bakwai daga hannun Musaddiq, ta juya fuskarta ga hasken da ya rage. Sabon ƙarfe mai laushi ba ya ɓoye komai, ƙasar fadama ta bar tabon kowane bugu. Alamun sun warwatsu, wasu a hanci, wasu a ƙasa, wasu can kusa da ƙota. Tsakiyar tana nan tana sheƙi, ba a taɓa ta ba.

Ta miƙa wa Kyaftin ya gani.

"Kai kaɗai, ba mai kallo, ba mai hoda. Ga abin da sandar ta ce."

Kyaftin Atiku ya kalli ƙarfen. Daga masallacin bakin titi aka ɗaga kiran salla.

"Ka ce ana kira kana kiran mota," in ji Hodi. "Kira."

*

Maigadi ya saki hannun Riskuwa. Musaddiq ya matso yana sosa ƙeya.

"Riskuwa, abin da ya hwaru da sahe..."

"Gaban mutane kam mare shi," Hodi ya katse shi. "Ga mutanen nan ba su watse ba. Ɗaga murya."

Musaddiq ya ɗaga. Bai yi daɗi a bakinsa ba, amma kowa ya ji.

Hodi ya juya kan surukinsa. "To, ka ga mutanenka. Jehwa musu mabuɗinsu, ka shiga mota. Akwai gona Augie."

Riskuwa ya durƙusa, idonsa a ƙasa. "Baba, na gode. Allah shi saka. Amma gasa gobe ce, kuma ƙasar fadama ta shige layukan ƙarafan ga. In ba a hidda ta ba, ƙwallo ba shi tsayawa."

"Na mutumin da yam mare ka?"

"Ba don shi ba, Baba. Ƙarfen bai mare ni ba."

Ya karɓi sandunan daga hannun Musaddiq ba tare da ya dube shi ba, ya yi alwala, ya yi salla, ya zauna bakin sito da buroshi da kwanon ruwa.

Hodi ya zage shi, ya zagi kulob, ya zagi wanda ya ƙirƙiro wasan. Ya ɗauki tasar Nana ya nufi mota ta tsakiyar ciyawar, yana cake sandarsa a kowane taku, ramuka suna binsa a baya, babu wanda ya ce masa kanzil.

Ya shiga mota ya tada inji. Waya ta yi ƙara, 'yarsa ce.

"Baba, kun taso?"

Ya leƙa ta madubi. Riskuwa yana kan sanda ta biyu, yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

Hodi ya kashe injin.

"Ɗora tuwo," ya ce. "Mijinki shina wanke wa ƙarfe haƙora. In ya gama zan kawo miki shi."